Ɗigon da Ke Karya Alwala

Ban taɓa zaton likita na tambayar marar lafiya me ake nufi da warkewa ba, sai da aka gano min kansar prostate, wadda ke kama maza a ƙasan mafitsara. An kama ta da wuri, tun ba ta yi nisa ba. Ina cikin kokwanton a yi aiki ko a bari, sai asibitinmu na London ya gayyace mu, mu masu cutar, taro kan wani sabon bincike.

Likitar da ke jagoranci ta ce cutar nan tafiyar hawainiya take yi. In suka ce sai sun ga wa ya rayu wa ya mutu kafin su san maganin da ya fi, sai sun tsufa. To me za su auna? Na gyara zama. Ashe su ma lalube suke!

Wani Bature ya ce ƙarfin ɗa namiji, ko kunya babu. Wani ya ce fitsari, domin bayan aiki yakan zubo ba da sanin mutum ba. Likita ta ce wannan suna aunawa: wanda ƙunzugu ɗaya ya ishe shi yini guda, a wurinsu ya yi nasara.

Na ɗaga hannu. Ni ke limanci a ɗan masallacinmu na Peckham, saman wani shagon kifi.

Na ce, "Likita, ɗigo fa?"

"Ɗigo ba komai ba ne."

"Ɗigo ɗaya ke karya alwala. Uzurina zai ba ni damar yin tawa sallar, amma ban iya shiga gaban mutane haka."

Ta ajiye biro, ta shiga jero min tambayoyi kamar 'yar jarida. Alwala na kai awa nawa? Ruku'u da sujada suna matse mara? Wallahi ta burge ni. Na tambaye ta mutum nawa ke fita ba ko ɗigo. Ta ce ba ta da amsar da za ta tsaya a kai, amma za su sa tambayar a binciken, sakamako sai bayan shekaru.

Tawa cutar ba ta jira ba. An yi aikin, ya yi kyau, likitoci sun ce na warke, na kuma gode Allah. Yanzu in an tada iƙama, jama'a kan juyo su dube ni don sabo. Sai in nuna wa ladan gaba da hannu, in koma ƙarshen sahu, kusa da ƙofa.