Usta Mijinyawa da Jitar da Ta Sha Hayaƙin Ɗalha

Bayan sallar asuba Usta Mijinyawa ba ya komawa gida. Daga masallaci yake wucewa kasuwa a ƙafa, in damina ce da leda ɗaure a takalmansa, don baƙar lakar Gadarif ba ta san girman kowa ba. Shagonsa na bayan layin masu dawa: ƙofar kwano, benci ɗaya, tebur ɗaya. Yana buɗewa sai ya share, ya jera rediyoyin mutane bisa yadda suka zo, sannan ya miƙa wa Ummusalama mai shayi ƙarfensa na narka dalma ta tura masa cikin gawayi. Wutar garin nan ba ta da tabbas, shi kuwa bai taɓa zaman jiranta ba. Ƙarfe ya yi zafi, shayi ya iso, aiki ya fara. Shekara arba'in da ɗaya ke nan.

Ana gama girbin bana zai rufe shagon. Yanar ido ta rufe idonsa na dama, na hagun ma ya fara gajiya. 'Yarsa Raliya ta ce ya isa haka. Na jira in ji wani babba ya ce wani abu a kansa, ban ji ba. Ni sakandare na gama, ban wuce nan ba, kuma ba na son doguwar magana. Amma wannan dai sai na faɗa.

Usta muke ce wa gwanin sana'a a nan. Shi a takarda mai gyaran rediyo ne. A zahiri duk abin da ke fitar da sauti ta waya a unguwar nan ya taɓa kwana a teburinsa. Ladanin masallacinmu ya ce lasifikarsu ta mutu sau huɗu, sau huɗu Usta yana hawa tsani da kansa, da furfurarsa. Ummusalama ta ba ni labarin wani mutumin Tigray da ya zo daga sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba da garayarsu ta can, yana so ta yi ƙara a taro. Ba Larabci, ba Hausa. Usta ya zaunar da shi, ya warware siririyar wayar wata matacciyar rediyo, ya naɗe ta a jikin maganaɗisu har la'asar. Da ya jona, abu ya yi magana. Ta ce mutumin ya rungume shi har hularsa ta faɗi.

Nawa labarin na yayana Husain ne.

A Madani muke kafin yaƙi ya iso. Husain makaɗin jitar lantarki ne, a ƙungiyar wani mawaƙin biki mai suna Elsadig. Jita ɗaya ya riƙe shekara goma sha tara. Ranar da muka fito, tana gidan da suke gwaji, can ƙetaren hanya. Ba a koma ba. Muka iso Gadarif da tufafin jikinmu, ni da shi da matarsa Ruaa.

Elsadig ma nan ya faɗo. Ya tattara mutanensa, ya samo wa Husain wata jita sabuwa fil, ja, tana sheƙi. Husain ya kaɗa ta rabin awa ya jingine.

"Ɗanya ce," ya ce. "Tawa ta nuna. Shekara goma sha tara tana shan kiɗa da zafi da hayaƙin biki. Itace yana koyo. Wannan ba ta san komai ba."

Daga ranar bai sake taɓa ta ba. Damina ta sauka, ya bi motar 'yan ƙwadago zuwa gonakin Gadambaliya yana cire ciyawa. In ya zo gida sai ya zauna ya dubi bango. Ba faɗa, ba dariya, ba ƙorafi. A sa gishiri a abinci ko a manta, duk ɗaya. Ni na san shiru, halina ne. Nasa ba irin nawa ba ne. Na ji tsoro.

Elsadig ya yi haƙuri wata da watanni. Da aka fara yankan riɗi, biki ya dawo, ya zo gidanmu ya same ni da Ruaa.

"Akwai ɗaurin aure a garin Doka, Juma'a ta sama. In ya zo, wurinsa na nan. In bai zo ba, wallahi ba yadda zan yi, wani zan sa. Ku gaya masa."

Ni da Ruaa mun san in wurin nan ya tafi, Husain ba zai ƙara ɗaukar jita ba har abada.

Ruaa ce ta kawo dabara, ni kuma ban hana ba, don haka laifin namu ne mu biyu. A tsakar gidan da muke akwai ramin dukhan, inda mata ke zama a lulluɓe su sha hayaƙin itacen ɗalha har fata ta yi laushi ta yi launi. Ta ce, tunda hayaƙi da zafi ne suka nunar da waccan, me zai hana a gaggauta wa wannan? Muka ɗora jitar a kan sanduna biyu bisa ramin, muka rufe da bargo. Kwana uku tana sha, safe da yamma.

Ta fito da launin tsufa kuwa, har na yi murna. Da na jona ta a akwatin sautin maƙwabci, sai ƙara kamar ana soya kifi. Wuyanta ya lanƙwashe, tsirkiyoyin sun tashi sama, yatsa na iya shigewa ƙarƙashinsu. Ruaa ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Saura kwana takwas.

Haka muka je shagon Usta, jita cikin buhun dawa. Yana buɗe buhun ya tsaya. Ya sunkuya ya shinshina. Ya ɗago.

"Wa za ta aura?"

Ummusalama ta tuntsire da dariya har shayi ya zube mata. "Ruaa, ke ce kika yi mata gyaran amare? Saura lalle!"

Ruaa ta fashe da kuka. Nan take Usta ya ɗaga wa mai shayi hannu, ta yi shiru. Ya jawo benci.

"Zauna, 'yata. Faɗa mini daga farko."

Ta faɗa. Bai katse ta ba. Da ta gama ya ce, "Na ga wanda ya rataye tasa a jikin injin niƙa wata guda don ta sha girgiza. Na ga wanda ya binne tasa cikin rumbu. Taki ce kawai ta zo da ƙamshi. Bar kuka, ba ta mutu ba."

Na tambaye shi abin da ke cina. "Baba Usta, gaskiya ne suna nuna? In gaskiya ne, ai aikin banza muke."

Ya jawo jitar gabansa. Yana kwance kusoshi yana magana.

"Itace yana bushewa, wannan gaskiya ne. A garaya ko udi za ka ji bambanci, don cikinsu ne ke magana. Wannan kuwa maganaɗisu ne ke sauraron tsirkiya ya aika ta waya. Ko shekaru na ƙara masa wani abu? Wasu sun rantse, wasu sun ƙaryata. Ni kunnena bai taɓa kamawa ba. Abin da na sani, duk tsohuwar jita mai daɗi da ta zo teburin nan, mai ita ya sha kai ta gyara. Marasa daɗin tuni an yi wuta da su, ba wanda ke tuna su."

Kwana uku ya yi da ita. Ya wanke baƙin hayaƙin daga maɓallan da wayoyin da ruwan sibirto mai goge datti, da tsinke da auduga, fuskarsa kusan manne da katakon saboda ido. Ya ɗaure wuyan a jikin miƙaƙƙen ƙarfe, kullum ya ƙara matsawa kaɗan, ya juya sandar da ke cikin wuyan rubu'in juyi, ba ƙari. Na ce masa lokaci na tafiya. Ya ce in na fi shi sauri in karɓa. A rana ta huɗu sauti ya fito tas. Na miƙa hannu zan ɗauka, ya dafe ta.

"Na gyara abin da kuka ɓata. Ban gyara abin da ya kawo ku ba. Kawo mini mai ita."

Kai ne ka san wannan, Usta. Wani zai miƙo kaya ya ce Allah ya kiyaye hanya. Kai ba ka sallamar jita sai ka ga hannun da zai riƙe ta. Makaɗan garin nan duk sun san wannan ɗabi'a taka, wasu har haushi take ba su.

Na bi mota zuwa Gadambaliya na samu Husain a bakin gona. Ban yi masa ƙarya ba. Na faɗi zancen Doka, na faɗi zancen ramin. Ya juyo ya dube ni.

"Ruaa ce ta yi haka?"

"Ita ce, Yaya. Kwana uku tana hura wuta."

Ya miƙe. Ya ɗauki jakarsa.

A shago Usta bai miƙa masa jitar ba. Hannunsa na hagu ya kama, ya juya, ya shafa kan yatsun da babban yatsansa.

"Kantar fartanya ce a sama. Ta jita na ƙasa, ba ta tafi ba. Kana da hoton tsohuwar?"

Akwai bidiyon wani biki a wayata. Usta ya ɗora gilashin ƙara girma a kan wayar, ya sa na riƙa tsayarwa ina mayarwa, ya fi sau ashirin. Ba kiɗan yake sauraro ba.

"Duba nan. Fenti ya goge a bayan wuya daga nan zuwa nan, babban yatsanka ne ya ci shi. Gefen nan ya zama sumul, kana leƙo da yatsa ta sama. Tsirkiyoyinka a ƙasa suke sosai. Wa ke yi maka gyara a Madani?"

"Wani tsoho ne, Abdelaziz."

"Ya iya aiki. Sau nawa a shekara?"

Husain ya ce, "Duk bayan salla."

"To."

Ya ɗauki takardar gurza katako ya hau bayan wuyan jitar nan, daidai inda ya gani. Ya kashe kaifin gefen. Ya bi 'yan ƙarafan da ke jere a wuyan ɗaya bayan ɗaya da zarto mai laushi. Ya sauke tsirkiyoyin. In ya yi kaɗan sai ya miƙa wa Husain: "Riƙe, kar ka kaɗa. Ina ke tokare ka?" Da farko Husain da kai yake nuni. Can ya fara cewa, "Nan." Can kuma, "A'a, Usta, ka wuce, ɗaga ta ukun kaɗan." Daga hantsi har bayan la'asar suna haka.

Sannan Usta ya jona waya ya koma gefe yana goge hannu, kamar ba ruwansa.

Husain ya fara a hankali, yana tuntuɓe. Ya tsaya, ya sake. Sai yatsun suka tuna. Masu ɗaukar buhu suka tsaya a ƙofa. Ummusalama ta bar tukunyarta tana tafasa. Ni fita na yi na tsaya bayan shagon, don ba na son a ga fuskata.

Da na dawo na ji Husain na cewa, "Ba ita ba ce."

"Ba ita ba ce," in ji Usta. "Waccan ta tafi, Allah ya mayar da alheri. Wannan za ta je Doka ko ba za ta je ba?"

Husain ya dubi jitar. "Za ta je."

Har yau ba su daidaita ba. Husain ya ce tun daga bikin nan sautinta ke ƙara zaƙi, itacen ya fara koyo. Usta ya ce yatsunsa ne suka warke daga fartanya. In sun haɗu sai sun taɓa musun, Ummusalama na zuga su. Ni ban san mai gaskiya ba, kuma ban damu ba.

Usta Mijinyawa, mai haƙuri da waya, na gode. Ba ka yi wa Ruaa dariyar da za ta bi ta har gida ba. Ba ka yi wa yayana wa'azi ba, ba ka ce masa abin da ya rasa ƙarami ne ba. Hannunsa ka duba. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa hutun ya karɓe ka.

Ku masu gyara na garin nan, na waya da na mota da na keken ɗinki: garin ya cika da mutanen da suka baro kayan aikinsu a wani wuri. In sun kawo muku sabo sun ce bai yi ba, kar ku ce musu lafiyarsa lau. Ku zaunar da su ku tambayi yadda tsohon yake. Shagon Usta na buɗe har ƙarshen girbi, ku je ku ga yadda ake yi.

Washegarin bikin nan, ranar Asabar da hantsi, motar Doka ta sauke Husain a bakin layinmu. Ya shigo da ƙura har gira. Ko zama bai yi ba ya fara: mai ganga yana gudu kamar ana korarsa, Elsadig ya manta baiti biyu, abincin bikin ba gishiri, kuma wa ya taɓa masa takalmi? Ruaa na tsaye da buta a hannu tana kallonsa. Ya yi ta faɗa, mu kuwa ba wanda ya katse shi.