Muryoyin da muka ba kamfanin Turai ajiya

Lokacin da intanet ya iso mana, ni da aminina, wani dillalin albasa na Aliero, muna da kaset cike da kwali. Mun yi shekaru muna zaga ƙauyuka, Danwarai, Gehuru, har Maiyama, muna ɗaukar hirar tsofaffi: yadda ake dashe, yadda ake jere albasa a rumfa don kada ta ruɓe, waƙoƙin da ake yi a fadama. Zafi ya fara cin kaset ɗin, wasu sun liƙe. Muka ce a juye su a sa a shafin intanet, kowa ya ji.

Wuri biyu aka nuna mana. Akwai wani mai shagon kwamfuta a Jega da ya ce zai riƙe mana shafin a na'urarsa, amma in janareta ya tsaya, shafin ya kwanta. Akwai kuma babban kamfani a Turai wanda wutarsa ba ta ɗaukewa.

"Alhaji, kai da ka sha ruwan Kumasi da Khartum, mi ka gani?" in ji aminina.

Na ce a can ma manyan ake bi.

"To mu ba su. Wanga janareta na Jega, ko tari ka yi kusa da shi sai ya mutu."

Muka yi dariya, muka ba su. Da sunansa aka buɗe, don shi ke da imel saboda cinikinsa. Kalmar sirrin ma a kansa take.

Da aminin nawa ya rasu, an raba gado lafiya, kowace amana ta koma hannun mai ita da shaidu, kamar yadda muka saba. Shafin kaɗai ya rage, ga lokacin sake biyan kuɗin ajiyarsa ya matso. Kaset ɗin kuwa sun riga sun lalace.

Na tara liman da ƙanen mamacin da wani dattijon unguwa a zaurena, na kira kamfanin. Na yi wa matar da ta ɗauka bayani da Turanci, na sake da Faransanci: ga shaidu uku, sun wanke shi, sun binne shi. Ta yi mini ta'aziyya da ladabi, ta ce mai asusun kaɗai suke iya saurara, ko a aiko takardun kotu irin nasu. Liman ya miƙo hannu.

"Ba ni ita in rantse mata."

Na ce ba a haka.

"To ubanta fa? Ba ta da babba da za mu je mu gani?"

Kafin takardun su haɗu, an rufe shafin, an goge komai.

Bayan damina wata mata ta zo daga Gehuru da goyo. Ta durƙusa ta ce, "Baba, an ce kana da muryar kakana. Ina son yarana su ji."

Na sa aka kawo mata ruwa. Ta sha, tana jira in tashi in ɗauko.