Sirdin da Merle Ya Ɗinka wa Brent

Yayana Merle Haugen mai walda ne a wani ƙaramin gari a arewacin Wisconsin. Har yau in na tuna abin da aka yi masa raina ɓaci yake, kuma rabin haushin ma nasa nake ji.

Tun yana saurayi yake farautar barewa da kwari da baka daga kan bishiya guda, a bakin gonar wata tsohuwa, Alma Tollefson. Ita ta ce ya hau, ya hau. Duk kaka yakan kai mata kyafaffen nama, in dusar ƙanƙara ta toshe mata ƙofa shi ne mai kwashewa. Bishiyar nan ita ce hutunsa, ita ce hirarsa, don bai iya zancen komai ba sai ita.

Da walda ta cinye masa baya, zama a ɗan dandamalin ƙarfen da maharba ke ɗaurawa a jikin itace ya gagare shi. Ya gwada sirdi, ɗamarar nan da mutum ke ratayuwa a ciki da igiya kamar lilo, ita kuma ta riƙa matse masa ƙugu. Sai ya haɗa biyun: ƙafa a kan dandamali, nauyi a cikin sirdi, in ƙugu ya gaji ya juya ya zauna. Mutumin da likita ya ce ya haƙura da hawa, sai ga shi yana wuni a sama.

Da ya kama bakinsa da an zauna lafiya. Amma Merle bai iya ɓoye abin alheri ba.

Alma tana da suruki, Brent, mijin 'yarta. Ya taɓa gwada farauta ya watsar, wai zaman yana kashe masa ƙafa, ga tsoron faɗowa. Merle ya zauna ya ɗinka masa sirdi daidai ƙugunsa.

Na ce, "Merle, kai wane irin mutum ne? Ka ba shi sirdi, ba sai ka kai shi bishiyarka ba."

"Haba Lorna, to a jikin me zai koya, turken lantarki? Brent ɗin da ko tsani bai iya hawa ba."

Ya kai shi. Ya nuna masa ɗaurin igiya, ya nuna masa hanyar da barewa ke bi in za ta sha ruwa. Brent ya sauko yana washe baki, wai ai wannan ya fi kujerar falonsa daɗi.

Kafin kaka ta zagayo aka kai Alma gidan kula da tsofaffi, gona ta koma hannun 'yarta. Ba wanda ya ce wa Merle uffan. Ranar buɗe farauta ya yi sammako, ya lallaɓa da ciwon bayansa har gindin bishiya, ya ɗaga kai. Brent ne a rataye, kofi a hannu. Ya leƙo ya ce da raɗa, "Tsoho, yi a hankali mana, za ka korar mini su. Nan na iyali ne yanzu, ka gane ai."

Da ni ce, da sai barewar gari uku ta ji muryata. Da Merle ya iso gidana wajen hantsi yana ɗingishi, wandonsa jiƙe har gwiwa, na tambaye shi me ya ce masa.

"Me zan ce? Mutum yana farauta."

"To me ya jiƙa ka haka? Motarka ba a bakin gona take ba?"

Ya sunkuya yana kwance igiyar takalminsa.

"Iska ta juya," in ji shi. "Da na koma ta hanyar da na zo, warina zai bi ta kan hanyar barewar, ya ɓata masa ranar. Sai na zagaya ta fadama."