Hayaƙi a Kujerar Baya

Har yau in na shaƙi warin hayaƙin mota sai gabana ya faɗi, domin saura ƙiris in kashe surukata, ina tuƙi ina jin daɗin kaina.

Motar tsohuwa ce, na saye ta lokacin ina koyarwa a wata makaranta a Kalpohin. Wata rana ta fara shaƙewa, in na taka mai sai nishi, ba gudu. Na kai ta wurin fita, wato makanike, wani ɗan kudu da ya daɗe a Tamale har Hausar kasuwa ta zauna a bakinsa. Ya shiga ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa wata tukunyar ƙarfe da ke jikin salansa, ya fito yana kakkaɓe hannu.

"Ticha, katalis ne ya toshe," in ji shi. "Wannan abu na Turawa ne, don iskan garinsu. Mu cire shi, mu sa paip sitiret. Mota zai tashi. Tukunya kuma 'yan kondem, masu tara tsohon ƙarfe, suna saye."

Na ce, "Babu wata illa?"

"Ba komi, Ticha. Sai ƙara."

Mai walda ya yanke tukunyar, ya haɗa da ta bayanta mai rage ƙara, ya liƙa miƙaƙƙen bututu. Bututun bai kai ƙarshen motar ba, ya tsaya daidai ƙarƙashin kujerar baya. Da idona na gani. Na kuma san akwai ramin tsatsa a ƙasan wurin, ni da kaina na rufe shi da kwali. Kimiyya nake koya wa 'ya'yan mutane, amma ban haɗa bututun da ramin a kaina ba. Mako guda ina ruri a titi kamar injin niƙa, gilashina a sauke, ni kaɗai a mota, ina ganin na yi dabara.

Sai aka yi haihuwa a dangin matata a Walewale. Ita ta riga ta tafi aikin girkin suna, ta bugo waya ta ce in biya Zogbeli in ɗauko Mma, mahaifiyarta.

Shekara tara ke nan da aurena, ban taɓa haɗa ido da matar nan ba. A durƙushe nake gaishe ta, ina kallon tabarma. Ba na cin abinci a gabanta, ita kuma ba ta taɓa kama sunana ba. To ga mu za mu yi tafiyar awa biyu mu biyu rak. Ta shiga baya da ƙullin zannuwanta da carbinta, ta ɗaga gilashi saboda iska na fizgar mayafinta. Ni kuma abin da na fara yi shi ne na kama madubin tsakiya na karkatar da shi sama, don kada idona ya faɗa cikin nata. Har na yaba wa kaina da ladabi.

Bayan Savelugu na ji ta yi tari sau biyu. Na so in ce sannu, amma da ƙarar bututun nan sai na ɗaga murya kafin ta ji, kuma wa ke yi wa surukarsa ihu? Na haɗiye. Daga nan shiru. Na ce a raina barci ya ɗauke ta, har na ji sauƙi, na ƙara mai.

A wani ƙauye na hau tudun rage gudu ban lura ba. Motar ta yi tsalle, na ji kanta ya bugi gilashi, ƙum! Mma mace ce da ko cokali ya faɗi sai ta yi salati. Ban ji salati ba. Sai ga carbinta ya silalo ta ƙarƙashin kujerata ya tsaya a gefen ƙafata.

"Mma?" Na ƙara, da ƙarfi wannan karon. "Mma!"

Na miƙa hannu na daidaita madubin. Kanta ya langaɓe, mayafin ya zame, bakinta a buɗe, ga amai a ƙirjinta. Ban san yadda na tsayar da motar ba. Da na buɗe ƙofar baya, wani zafi da warin hayaƙi suka doke ni har na ja da baya. A take na gane komai, bututun da ramin da gilashin da ta ɗaga. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Kuma ga abin da har yau nake jin haushin kaina a kansa: na tsaya hannuwana a sake, na kasa taɓa ta.

Mata masu sayar da doya a bakin hanya suka taso suna magana da Dagbanci. Ɗaya ta ture ni ta kafaɗa ta daka min tsawa da Hausar kasuwa.

"Ɗauke shi mana! Mamanka ne ko ba mamanka ba?"

Na sunkuce ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ƙara tsorata ni. Muka kwantar da ita a gindin kaɗanya, matan suna yi mata fifita da zannuwa, ni kuma na kafa ido a ƙirjinta ina jira ya ɗaga. Yana ɗagawa kaɗan, ya daɗe, ya sake. Cikin kowane jinkiri ina tunanin bakin da zan buɗe in gaya wa matata. Wani ya ce mu mayar da ita mota mu ruga asibiti, na ce wallahi ba za ta sake shiga motar nan ba. A bayan motokin ɗin wani manomi, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, muka kai ta asibiti, kanta a cinyata.

Sai bayan la'asar ta dawo hayyacinta. Lokacin matata ta iso daga Walewale da zanen girki a jikinta. Ta wuce ni ta shiga. Na tsaya bayan labule, carbin Mma a hannuna, ina jin su.

"Mma, ba ki ji komai ba ne tun farko?"

"Na ji," ta ce, muryar can ƙasa. "Tun Savelugu kaina ke sarawa, zuciyata na tashi."

"To me ya hana ki gaya masa ya tsaya?"

Can Mma ta ce, "In ce masa me? In ce wa mijin 'yata motarsa tana wari?"