Ranar da Na Shimfiɗa Riga a Jiƙaƙƙiyar Ƙasa

Jikokina sun ɗauka aikina a duniya shi ne zama kusa da hitar ɗumama ɗaki da cigiyar rimot. Ba laifinsu ba ne. Tun da 'yata ta ɗauko ni bayan rasuwar uwarta, ta ajiye ni a ɗakin ƙasa na gidanta a unguwar Fallowfield ta birnin Manchester, abin da suka ga ina yi ke nan. Ita likita ce, mijinta kuma akanta ne, kafin in idar da lazimin safe gida ya yi tsit. Sai ni da taga, da 'yan jami'a masu wucewa riƙe da kofin shayi kamar an hana su sha a zaune.

Alhali kuwa ni, da ilimina na aji huɗu, na taɓa riƙe filin jirgin sama sukutum. Ni ne shugaba, ni ne mataimakin shugaba, ni ne kuma mai korar shanu.

A kan tsaunukan da ke kusa da iyakar Kamaru ne. Fatauci ya kai mahaifina can, ya zauna. Mota ba ta zuwa garin. Da damina sai an kwana a hanya kafin a ga kwalta. 'Yan mishan a ƙafa suka hau, suka gina ɗakin shan magani da makaranta, daga baya suka sa aka share wani dogon tudu don jirgi. Ɗan ƙarami ne, mutum huɗu da akwatin allurai ya cika. Shi ke kawo magani da wasiƙu, shi ke ɗauke mai naƙudar da ta gagara, ko wanda maciji ya sara.

Ba mu da oba-oba ta yin magana da matuƙin jirgi. Abin da muke da shi farin zanen gado ne. Ranar zuwan jirgi zan kori shanu, in cike ramuka, sannan in bi filin tun daga kai har ƙarshe ina danna ƙasa da diddige. In ta yi tauri, in shimfiɗa zanen in tsaya a gefensa. In diddigena ya nutse, in naɗe zanen in zauna a kai. Matuƙin zai zagayo ƙasa-ƙasa ya leƙo, ya karkata fiffike dama da hagu, wato ya gani.

Ranar da ya ɗauke ni aiki, magana ɗaya ya yi mini da Hausarsa ta littafi: "Ko matarka ce take naƙuda, idan ƙasa ta jiƙe, kada ka shimfiɗa." Fiye da shekara goma ban saɓa ba. Na zauna a kan zanen nan mutane na zagina har da iyayena, marar lafiyarsu kwance a kan karaga, jirgi ya juya ya tafi. Wani ya kai gobe, wani bai kai ba.

Da ni da Baturen nan ba mu cika zama ba, don ba ya kashe injin sai in ya zama dole. Ya dai ba ni littafin addininsu sau biyu. Yana yi mini addu'a in gane hanya, ina yi masa addu'a ya gane hanya, Allah Ya bar kowa inda ya same shi. Daga baya titi ya iso, jirgi ya daina zuwa, filina ya koma gonar masara.

Da Sallar da ta wuce ina cikin ba baƙi wannan labari, jikokina na latsa waya, sai wata nas abokiyar aikin 'yata, Kirista 'yar Filato, ta ajiye cokali.

"Baba, 'yan cocin ƙanwata a Birmingham suna ziyartar wani tsohon matuƙin mishan, a gidan kula da tsofaffi a Selly Oak. Turancinsa ma ya fara zubewa, Hausa yake yi wa ma'aikata."

Ta faɗi sunansa. Shi ne.

Ban san na ƙosa haka ba sai ranar. Matata ta rasu, abokaina sun rasu, 'yata ba ta yi wayo a kan tsaunukan ba. A duk faɗin duniya mutum ɗaya ya rage da zai iya cewa e, wannan tsohon ya taɓa yin wani abu.

"Baba, kada ka sa rai," in ji 'yata. "An ce ko 'yarsa ba ya ganewa."

"'Yarsa ta taɓa korar masa shanu?"

Ran Asabar nas ɗin ta ɗauke ni a motarta. Na sa farar babbar rigata ta Idi. Ruwa ya raka mu tun daga Manchester, sai dab da isarmu ya ɗauke.

Ɗakinsa a bene yake. Na tarar da shi a kujera kusa da taga, ya ƙanƙance, hannuwan nan da suka riƙe jirgi suna ajiye a kan bargo.

"Sannu da hutawa, Bature."

"Sannu kadai. Ina gajiya? Ina iyali? Ina labari?" Ya jero su tsaf, kamar yadda ake gaida baƙo a tasha.

Na faɗi sunan garinmu. Idonsa ya ɗan yi haske.

"Filin can gajere ne," ya ce. "Amma ina da mutum a wurin."

"Ni ne mutumin."

Ya dube ni, ya yi murmushi irin na ladabi, ya mayar da ido taga.

A nan dabara ta zo mini. Mutumin nan ai daga sama ya san ni. Tsakar hulata ya sani, ba fuskata ba. Na ce wa nas ta matso da shi jikin gilashi, na sauka lambun da ke ƙarƙashin tagar.

Ina taka ciyawar, ƙafata ta yi aikinta ba tare da ta yi shawara da ni ba. Diddigena ya nutse, ruwa ya taso a gefen takalmi. Na ji, na kuma san abin da hakan ke nufi. Amma na ce a raina wa zai sauka a nan, lambun tsofaffi ne. Na tuɓe babbar rigar, na shimfiɗa ta sosai, na tsaya a gefenta daga ni sai 'yar ciki, sanyi na yanka ni.

Ya leƙo. Ya daɗe yana kallo. Ina jira ya ɗaga hannu ya karkata shi dama da hagu. Bai ɗaga ba. Na ga bakinsa ya motsa, shi ke nan.

Na hau ina haki, riga a hammata tana ɗiga. Nas ta tare ni a ƙofa.

"Me ya ce?"

"Baba, zo ka sha shayi tukuna."

"'Yar nan, me ya ce?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya ce kada a sauka. Wai wannan ba mutuminsa ba ne. Mutuminsa ba ya shimfiɗawa a jiƙaƙƙiyar ƙasa."

Muka dawo Manchester. 'Yata ta yi faɗa a kan rigar, don koren ciyawa ya ƙi fita.

Nas ta yi mini alkawari duk ranar da na ce mata ƙasa ta bushe, za ta nemi hutu mu koma. Ta ce an gaya mata abincinsa ya ragu. Saboda haka kowace safiya, bayan gida ya watse, nakan fita bayan gida in bi 'yar ciyawar daga katanga zuwa katanga ina dannawa. Na ɗauki farin zanen gado ɗaya daga cikin na 'yata, ba ta sani ba tukuna.

Yau ma na danna, diddigena ya nutse. Na naɗe zanen, na ɗora a kan dakalin ƙofa, na zauna a kai.