Ila Mai Kaset da Bakin Tabawa

Duk Belbeji an san Ila bai gaji noma ba. Ubansa ya bar masa gonar gero mai kyau a hanyar Tarka, amma shi da hauya kamar wuta da auduga. In damina ta faɗi, sai ciwon baya ya tashi, ba ya sauka sai an gama girbi. Abin da Allah ya ba shi kunne ne. Ranar kasuwa yakan zauna gindin aduwa yana sauraren mutane, domin a cewarsa duk inda mutum ya yi tsaki, akwai abin sayarwa a wurin.

Ya ji makiyaya suna tsakin takalmi ɗaya ya tsinke ɗaya yana nan lafiya, sai ya kasa takalman taya wari-wari. Aka yi ciniki har sai da na dama suka ƙare, ya kwana da tulin na hagu. Ya ji ana faɗa kan jakuna suna cakuɗewa, sai ya shiga shafa musu shuni a kunne. Ruwan farko ya wanke sana'ar.

Matarsa Tabawa, wadda ke sayar da fura, ta ce, "Malam, kai dai dabararka kamar kashin awaki, ga yawa ba tudu."

Bayan farin da ya cinye dabbobi, maza suka watse neman abinci, wasu Arlit, wasu Kano. Aka bar mata da yara da jira. Wata rana a bakin tasha Ila ya ji Halima, maƙwabciyarsu, tana ba direba saƙon mijinta Sidi. Saƙon duk gaisuwa ne da "muna lafiya". Da motar ta tashi kuwa sai ta ja tsakin da ya kori kaji.

Ila ya sayar da tunkiyar da ta rage musu, ya je Damagaram ya dawo da rediyo mai kaset. Ya sa aka yi shela cewa duk mai saƙon miji ta zo ta faɗa da bakinta, a kai masa muryarta. Mata suka zo, amma da ya danna akwatin sai kunya ta kama su. Halima ta rufe fuska da mayafi ta ce, "A gaishe shi."

Tabawa tana dama fura a gefe, ta aje ludayi. "A gaishe shi? Mutumin da ya bar ki da bakuna biyar da rumbu fayau? Matsa nan."

Ta durƙusa gaban akwatin. "Kai Sidi, mai wuya kamar na zalɓe! An ce ka sayi agogo. To agogon bai gaya maka lokacin tuwo ya yi a gidanka ba?" Ta bi shi tun daga hularsa har kakansa, ba ta huta ba sai da kaset ya ƙare. Halima tana cewa "a'a, Yaya, ya isa", tana kuma gyaɗa kai.

Wata bai cika ba, sai ga buhun shinkafa da turmin atamfa daga Arlit.

Shi ke nan, ƙofar Ila ta zama kasuwa. Matan da ba sa iya kama sunan miji suka sami mai kama musu shi da hannu biyu. Sukan raɗa wa Tabawa laifin, ita kuwa ta sa masa gishiri. Abin da Ila bai zata ba shi ne, can a Arlit mazan taruwa suke yi su sa kaset ɗin wani su sha dariya. Direba ya ce har akwai wanda ya daina aike da gangan, wai shi ma yana son a yi masa nasa. Ila ya ji haka, ya fara kwafar tsofaffin kaset yana sayar wa masu shayi da ƴan mota.

Ciniki ya buɗe, Ila ya sayi babbar riga da tabarau, ya fara cewa "sana'ata". Wata safiya Tabawa ta ce masa ya danna akwatin, akwai saƙon wata baiwar Allah. Ya danna.

"Wannan na mutumin da ke riƙe da akwatin nan ne," in ji ta. "Mai ciwon baya da damina. Mai tabarau a kan bakin wata."

Ila ya kai yatsa zai kashe, sai ya ji masu shan fura suna faɗuwa don dariya. Ya dubi yatsan, ya dube su, ya janye hannu. Kaset ɗin ya fi kowanne tafiya, har Tanout yara suna haddace shi.

Daga ranar Tabawa ce mai faɗin abin da za a ɗauka da wanda za a yi wa. Ila ya koma canza pil, wato batir, da naɗe zaren kaset da tsinke in ya harɗe. Ya tsufa a haka, da ƙiba da fara'a. In baƙo ya tambaye shi ko shi ne mutumin cikin kaset, yakan gyara tabarau ya ce, "Ni ne. Na farko kake so, ko wanda ta ƙara bayan Salla?"