Zanin Yaya Hansai a Ƙofar Kwangwalam

Laraba: Durba zuwa Kano

Ana sallame asuba na hau acaɓa daga Durba zuwa tashar Kibiya, ƙunshin tsaraba a cinyata. Ni Audu mai kayan miya, duk wanda ya san ni ya san ko Kano ba na shiga sai da dalili. Dalilin kuwa Inna ce, mahaifiyarmu. Jiki ya yi tsanani, ido ya tafi, abinci ya koma kunu, ba ta da magana sai ina Hansai. Hansai ita ce babbar yayarmu, tana Matamaye ta ƙasar Nijar tun ina goye. Ga zaɓe ranar Asabar, kowa kuma ya san in zaɓe ya zo ana rufe iyaka. Rediyo ta ce Juma'a, direbobi suka ce tun yammacin Alhamis za a ja ƙarfe. In ban fito da ita kafin nan ba sai bayan zaɓe, ni kuwa ban ga Inna da alamar jira ba.

A tasha na tarar da Shu'aibu Mai Lasifika, mai yi wa 'yan takara shela a mazaɓarmu. Mutumin da bai taɓa leƙa Inna ba, yau shi ne da riƙe min hannu. Wai akwai bas kyauta har da mai, in ɗebo Yaya da duk dangin da ke marmarin ganin gida.

"Ko mutum ashirin ne, Malam Audu, akwai masauki."

Na ce masa danginmu na can mutum ɗaya ne, kuma kujera ɗaya ta ishe ta. Na biya kuɗin motata na shige. A Rano muka ɗauki buhunan masara, muka bi ta Bunkure, da hantsi muna Unguwa Uku. Adaidaita ta tsallaka da ni Ƙofar Ruwa.

Kano zuwa iyaka

Motar Daura ta cika da wuri. Kusa da ni wani dattijo ne dillalin wake, a gaba kuma wani mai farar shadda wanda tun Dambatta yake waiwayowa da tambaya: ina za ka, wurin wa, ku nawa za ku dawo. Da direba yana yin Kananci, da ya ɗaga waya sai harshe ya koma na Damagaram. Na ce masa gaisuwar mara lafiya za ni, na ja bakina. Har yau ban san ko na gwamnati ne ko na su Shu'aibu ba.

Dattijon bai ja nasa ba. Ya ce shi wannan hanya ta tsufar da shi. Ya ga lokacin da naira take taka sefa, mutanen can suna rububin kayanmu, ga shi ya ga lokacin da mu ke bin sefa da ido. An rufe iyaka zamanin soja, an rufe saboda shinkafa, an rufe da aka yi juyin mulki a can, wakensa ya taɓa yin ƙwari a mota yana kallo. Amma in kamfe ya zo, manyan can su zo taron manyan nan, a rungume juna a ce uwa ɗaya uba ɗaya.

"In suna neman kujera mu 'yan'uwa ne," in ji shi. "In sun hau, mu 'yan sumoga ne."

Daga Kazaure shingaye suka fara yawa, kowanne sai an leƙa fuskokinmu. A Daura na yi azahar, na ci shinkafa da wake da tsadar da ban faɗa wa matata ba, na hau motar Kwangwalam, bakin iyaka. Fita ba ta yi wuya ba. Wani mai kaki dai ya ce min fita kowa ma ya iya.

Matamaye

Bayan la'asar na sauka gidan Alhaji Mamman, ƙanin marigayi mijin Yaya. Gidan nan tsohon masaukinmu ne. Mahaifinmu yana kai baƙin rini da goro, ya komo da kanwa da dabino, mahaifin Alhaji kuwa shi ne fatomansa, wato mai saukar baƙon fatake, ya sayar masa da kaya, ya tsaya masa in rigima ta taso. Cinikin ne ya haifi zumunci, zumuncin ya haifi auren Yaya.

Na same ta ta tsufa, ta yi kama da Inna har na ji tsoro. Ta yi kuka, ta yi min faɗan rashin zuwa, ta sa aka kawo tuwon gero da miyar kuka. Na miƙa mata ƙunshin da matata Ladidi ta ɗaure, ban ko buɗe shi ba.

Alhamis: Kwangwalam

Da safe Yaya ta fito da shirin tafiya, na duba zaninta. Atamfar da aka raba wa mata a mazaɓarmu ce, Ladidi ta ga sabuwa ce ta sa a tsaraba. Fuskar ɗan takara tun daga ƙugu har idon sawu. Na ce Yaya ki yi wa Allah ki sauya. Ta ce ita ta zaci wani shehi ne, kuma ko wane ne ba ruwanta, matar ƙaninta ta aiko mata da zani, da shi za ta shiga gidan don mai kyauta ta gani a jikinta.

"Ni za ka tuɓe wa zani, Audu? Da na yi maka tsarki?"

Na ɗauki jakarta. Alhaji Mamman ya yi dariya, amma ya ɗauki hularsa ya ce bari ya raka mu ƙofar iyaka.

Jandarmomin Nijar ba su kula ba. A ɓangarenmu aka ce kowa ya sauko. Yaya ta tattare hijabi za ta taka ƙasa, ɗan takara ya bayyana yana murmushi. Wani jami'i dogo ya kira mu gefe. Ya tambaye ta garinsu, ta ce Durba, da harshen da duk mai kunne ya san na Damagaram ne. Takardar Najeriya babu. Ya dube ni ya tambayi nawa aka ba ni a kan kowane kai da na shigo da shi don zaɓe. Na rantse, na ba shi labarin Inna, ya ce tun safe tsofaffi marasa lafiya yake ji, kowace mota da tata uwar. Ban ga laifinsa ba, ni ma da ni ne a wurin haka zan zata. Ya ce ta koma, ta dawo bayan zaɓe. Rana tana ɗagawa, motarmu ta sauke mana jaka ta wuce.

Sai Alhaji Mamman ya matso. A ƙofar nan an san shi, motocin wakensa da dabbobinsa nan suke bi. Bai roƙi kowa ba. Ya ce uban wannan mata baƙon ubansa ne, kuma a gidansu baƙo a wuyan fatoma yake, da ransa da kayansa. In aka gan ta a layin zaɓe, kada a sake barin ko akuyarsa ta wuce nan. Ya faɗa a gaban direbobi da 'yan dako, inda ba zai iya janyewa ba.

Jami'in ya dubi mutanen da suka shaida. Sannan ya ce a sauke hijabin har ƙasa, mu ɓace masa da gani. Alhaji ya riƙe hannuna ya ce daga nan ni ne fatoma, abincin gidansa yana wuyana.

Komawa gida

Muka sami wata motar. Daga Daura har Kano, duk shingen da muka zo sai in ce Yaya ja hijabi, ita kuma ta ce na cika tsoro kamar farar kura. Mun bar Rano rana ta yi ja, ana kiran magariba muka shiga Durba.

Yaya ta yi sallama a ƙofar ɗaki. Inna ta juyo da kai ta ce wace ce, wannan harshen mutanen Faransa ne, wato Nijar, kada mu kawo mata wata mu ce Hansai ce don mu kwantar mata da hankali. Yaya ta durƙusa ta miƙa mata hannun hagu. Inna ta lalubi babban yatsa har ta sami tabon ƙunar da ta yi a kaskon ƙosai tana yarinya. Ta daɗe tana shafa wurin.

"Kin rame," in ji ta. "Audu, a ba ta kunun nan nawa."

Ranar Asabar ko zaure Yaya ba ta taka ba. Ranar Lahadi da hantsi, maƙwabta sun dafe rediyo suna jiran sakamako, Inna ta cika, kanta a cinyar Hansai.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya komo da ni, na gode wa Alhaji Mamman. Wanda ya karanta wannan ya sa Inna a addu'a.